TARIHI: Tanja Mamadu, ɗan Maine Sorowa da tazarce ta kayar

Yau tarihinmu ya kai mu gabashin Nijar, wajen mutumin da talakawa ke kira Baba Tanja.

An haife shi a 1938 a Maine Sorowa, yamma da garin Difa, a ƙasar Manga, inda kogin Komadugu ya raba Nijar da Najeriya. Aikin soja ya fito da shi. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hau. Daga nan sai muƙamai: firefen Maraɗi, ministan cikin gida, firefen Tawa, jakada a Najeriya. A 1990 ya koma ministan cikin gida, kuma a zamaninsa aka yi kashe-kashen Cintabaraden, tabon da bai goge ba a zukatan Abzinawa.

Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, ya tuɓe kaki ya karɓi jagorancin jam'iyyar MNSD Nasara a 1991. A nan ne aka ga haƙurinsa. Zaɓen 1993 shi ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma sauran jam'iyyu suka haɗa kai suka ba Mahaman Usman. Ya karɓi kaye. A 1996 ya sake tsayawa, Ibrahim Ba'are Mainasara ya ce shi ya ci, har Tanja ya sha tsarewa. Sai a 1999 ya doke Mahamadu Isufu, ya kama mulki ranar 22 ga Disamba, ya naɗa Hama Amadu firaminista.

Wani abin mamaki, jarrabawar farko mai zafi daga gida ta zo masa. A 2002 sojojin barikin Difa suka yi bore kan albashi da halin rayuwa, suka tsare manyan jami'an jihar, wutar ta kai Gigimi. Tanja bai yi sanya ba don yankinsu ne. Ya tura dakaru daga Yamai, cikin 'yan kwanaki aka murƙushe boren.

Abin da ya sa mutanen karkara suka riƙe shi da hannu biyu shi ne shirinsa na musamman. Ƙauyen da yara ke karatu a rumfar kara ya sami aji na bulo da kwano. Macen da ake ɗauka a amalanke in naƙuda ta zo, ta sami ɗakin shan magani kusa da gida. A 2008 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na Sin kan man Agadem, wanda ke cikin jihar Difa, aka aza tubalin matata a Damagaram. Sai dai a 2005, lokacin da yunwa ke cin yara, ya dage cewa ba yunwa a Nijar, maganar da ta jawo masa suka sosai.

Tsarin mulki wa'adi biyu ya ba shi. Da ƙarshen na biyu ya matso, 'yan tazarce suka ce a bar Baba ya ƙarasa ayyukansa. Ya rusa majalisa a Mayun 2009, ya rusa kotun tsarin mulki da ta taka masa burki, ya shirya zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, ya ƙara wa kansa shekara 3. Mutumin da ya iya haƙurin faɗuwa zaɓe, haƙurin sauka ya gagare shi. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kutsa fada ana cikin taron ministoci, suka kama shi. Yana tsare har Mayun 2011, kuma da aka buɗe matatar a ƙarshen shekarar, Isufu ne shugaban ƙasa.

Ya rasu a Yamai ranar 24 ga Nuwamba 2020, aka kai shi Maine Sorowa aka binne. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.