Daga Sassaƙe Zuwa Allura: Tarihin Wani Maganin Sankarar Mama



Mu da muka tashi a ƙasar Batsari da Safana, daga Karare har bakin dajin Rugu, mun san cewa tun kafin asibiti ya iso mana, ganye da saiwa da sassaƙe su ne magani. Sabara, hano, marke, zogale, tsofaffinmu sun san amfanin kowanne. A 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa cikin littafi, ya fitar da wani mafi girma a 1937. Har yau sunan hano na kimiyya yana ɗauke da sunansa.

Maganin sankarar mama na asibiti ma akwai wanda asalinsa itace ne. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wata bishiya a jihar Washington ta Amurka. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka tace sinadarin da ke ciki, suka bayyana tsarinsa a 1971, aka sa masa suna Taxol. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwayoyin sankara rabuwa su yawaita. Sai a 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi wa masu sankarar mama allurarsa. Shekara 32 ke nan ana gwaji da awon ƙima.

Daga nan hankali ya ƙara karkata ga abinci. A 2009 wani bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin, kan mata fiye da 5,000 da suka yi cutar, ya nuna masu yawan cin waken suya, wanda muke awara da shi, cutar ba ta cika dawo musu ba kamar sauran. Amma matan nan kusan duk sun sha maganin asibiti. Kurkum kuwa sinadarinsa yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, sai dai kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini idan an ci.

Nan ne alƙalaminmu ke da nauyi. Duk labarin da muka rubuta wata ta warke da jiƙo kawai, wata mai ƙullutu a nono za ta karanta ta zauna gida, har lokacin da tiyata za ta yi amfani ya wuce. Mu rubuta jarumar da ta je Katsina aka duba ta da wuri.

Sannan rashin tsaro ya raba ƙauyuka da yawa da dajin Rugu, tsofaffin da suka san itatuwansa kuma suna ta ƙarewa. Mu zauna da su, mu rubuta sunan itacen, inda yake fitowa, da yadda ake haɗa shi. Mai binciken gobe daga takardunmu zai fara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.