Hanyar Pacific Crest a Amurka: yadda ake samun izinin tattakin wata biyar a kan tsaunuka

Hanyar Pacific Crest, wadda ake taƙaita sunanta da PCT, turba ce ta masu tafiya a ƙafa da mahaya dawaki a yammacin Amurka. Ta taso daga ƙauyen Campo da ke kan iyakar Meksiko, ta ratsa jihohin Kaliforniya da Oregon da Washington, ta tuƙe a iyakar Kanada. Tsawonta ya kai kimanin mil 2,650, wato kusan kilomita 4,265. Dokar da ta amince da ita a matsayin turba ta ƙasa ta fito ne a 1968, amma sai a 1993 aka kammala ta. Masu son takawa daga farko har ƙarshe kan shafe kusan wata biyar, kuma kafin a yi maganar takalmi ko tanti, abin da ke fara tsayar da mutum shi ne takardar izini.

Dalilin izinin

Turbar ta bi ta gandun daji na tarayya sama da 20 da wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Sequoia, Kings Canyon, Yosemite da Crater Lake. Yawancin sassan da suka fi kyau suna ƙarƙashin dokar kare ƙungurmin daji ta 1964, wadda ta hana shiga da mota ko keke. Hukumomin da ke kula da wuraren kan ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a ciki, kowacce da nata tsarin. Domin kada matafiyi ya yi ta bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, an ba ƙungiyar Pacific Crest Trail Association damar bayar da takarda guda a madadinsu, ga duk wanda zai yi tafiyar mil 500 ko fiye a jere. Kyauta ake bayar da ita.

Samun ta ne ke da wuya. Bayan fitowar littafin Wild na Cheryl Strayed a 2012 da fim ɗinsa a 2014, masu sha'awar turbar sun ƙaru ƙwarai, har wuraren kwana da 'yan maɓuɓɓugar ruwan da ke kudancin Kaliforniya suka fara yi musu kaɗan. Daga 2015 aka taƙaita masu tashi daga iyakar Meksiko zuwa mutum 50 a rana. A yanzu ƙa'idar ta shafi ranakun da ke tsakanin 1 ga Maris da 31 ga Mayu. Ana sakin guraben ne kashi biyu ta intanet: 35 na kowace rana a ƙarshen shekara, sauran 15 kuma a watan Janairu. Sai mutum ya yi rajista tun da wuri, sannan na'ura ta ba shi lokacin shiga shafin a ranar rabo ba tare da la'akari da wanda ya riga wani ba. Wanda lokacinsa ya faɗo can baya, sai ya ɗauki ranar da ta rage.

Ranar da ke kan takarda

A nan ne shirin tafiyar yake, domin doka ta wajabta a tashi daga wurin da aka rubuta a kuma ranar da aka rubuta, ranar ce kuma ke yanke yanayin da za a tarar a gaba. Mil 700 na farko galibi busasshiyar ƙasa ce, inda akan yi doguwar tafiya ba a ga ruwa ba. Wanda ya tashi a ƙarshen Mayu zai sha zafi, ya kuma iske rafuka sun ƙafe. Wanda ya tashi a farkon Maris kuwa zai isa Kennedy Meadows, ƙofar tsaunukan Sierra Nevada, alhali dusar ƙanƙara ba ta narke ba. A cikin waɗannan tsaunuka ne turbar ta kai ƙololuwarta, a mashigin Forester mai tsayin mita 4,009. Lokacin narkewar ma ba ya rasa haɗari, don ƙananan rafuka kan koma koguna masu ƙarfi, kuma yawancinsu babu gada. A 2017, shekarar da ƙanƙara ta yi yawa, mata biyu masu tattaki sun nitse a kogunan yankin.

Can gaba kuma akwai wani wa'adin. Jihar Washington kan fara samun dusar ƙanƙara daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma ya kamata a gama kafin nan. Shi ya sa ake rububin ranakun tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu: mai su kan shiga Sierra wajen tsakiyar Yuni, ya rage masa wata uku da ɗoriya. Lissafin bai bar wurin lalaci ba. In aka cire ranakun hutu a gari, sai mutum ya riƙa cin kusan kilomita 30 zuwa 35 a kullum da kaya a bayansa.

Akwai masu zaɓen tasowa daga arewa zuwa kudu. Su mutum 15 ake ba izini a rana, daga 15 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli, kuma lokacinsu ya fi ƙuntata.

Abin da takardar ba ta ɗauke ba

Ko da izinin PCT a hannu, Kaliforniya tana buƙatar wata takarda ta daban kafin a kunna risho a daji, kuma a lokacin fari akan hana kunna wuta gaba ɗaya. A Yosemite da wasu sassan Sierra dole ne a ajiye abinci a cikin wani gwangwani mai ƙarfi da dabbar nan beyar ba ta iya buɗewa. Matafiya na ƙorafin nauyinsa, amma beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta a harbe ta, don haka ma'aikatan gandun daji ba sa sassauci a kai. An kuma ƙayyade kwana 35 don ratsa yankin da ke tsakanin Kennedy Meadows da mashigin Sonora. Mai takardar na iya ratsewa ya hau dutsen Whitney, mai tsayin mita 4,421, amma sai ya dawo kan turbar ta inda ya hau, ba ya sauka ta gabas ba.

Guzuri kuwa ba a ɗaukar na fiye da 'yan kwanaki. Ana sauka garuruwan da ke kusa a yi sayayya, inda babu kanti mai kyau kuma akan aika wa kai kwalin abinci ta gidan waya tun kafin a isa. Baƙo daga wata ƙasa yana da ƙarin aikin neman bizar da za ta ba shi damar zama na tsawon tafiyar, kuma izinin turbar ba ya tasiri a kan hukuncin ofishin jakadanci.

Wanda ba shi da wata biyar na iya duba turbar John Muir, mai tsawon kilomita 340 daga kwarin Yosemite zuwa kan Whitney, wadda ta haɗu da PCT a mafi yawan tsawonta. Sai dai gajartarta ba ta sa izininta ya yi sauƙi ba. Mutum 45 kacal Yosemite ke bari su fita ta mashigin Donohue a rana, kuma ana raba yawancin guraben ne ta ƙuri'a a shafin Recreation.gov, makonni 24 kafin ranar tashi.

Ƙarshen turbar ma ya sauya. A da, wanda ya kai iyakar arewa kan nemi izinin Kanada ya ƙarasa kimanin kilomita 13 zuwa Manning Park, inda akwai titin mota. A Janairun 2025 hukumar kula da iyakokin Kanada ta daina bayar da wannan izini. Yanzu wanda ya isa alamar iyaka sai ya juyo, ya sake taka kusan mil 30 zuwa mashigin Harts, inda hanyar mota mafi kusa take, don haka guzurin zangon ƙarshe sai an lissafa shi da na dawowa.