Tabkin Chadi da Masana Ruwa: Tarihin Wani Bincike daga Gaɓar Baroua

Garin Baroua yana gabashin jihar Diffa, kusa da Bosso, inda kogin Komadugu Yobe ke ƙare tafiyarsa a bakin Tabkin Chadi. Dattawan wannan gaɓa sun ga lokacin da kwalekwale ke tsayawa dab da gidaje, sun kuma ga lokacin da ake tafiyar yini a kan busasshiyar laka ba a tarar da ruwa ba. Nijar ba ta da teku, ba ta da duwatsun murjani irin na Bahar Maliya, to amma tana da wannan tabki, kuma irin aikin da masana teku ke yi a wasu ƙasashe na auna ruwa da ƙidayar halittunsa da bin sawun abin da ke gurɓata shi, an yi shi a nan shekara da shekaru.

Turawan farko da suka ga tabkin su ne Denham da Clapperton da Oudney, a 1823, bayan sun ƙetaro Sahara daga Tarabulus. A 1851 Bajamushe Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya shiga tsibiran Buduma cikin jirgin ruwan da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma. Awo na haƙiƙa kuwa ya soma ne da hafsan Faransa Jean Tilho, wanda ya jagoranci tawagar shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909. Ya tarar da ɓangaren arewa na tabkin ya janye ƙwarai. Daga baya ya kasa yanayin tabkin gida uku: Babban Chadi, Matsakaicin Chadi da Ƙaramin Chadi. Manufar wannan rabo ita ce tabkin ba shi da girma guda. Yana cika yana janyewa gwargwadon damina.

A 1964, shekarar da Nijar da Nijeriya da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tabkin Chadi a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, tabkin yana cike. Faɗinsa a farkon shekarun 1960 ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A wannan zamani ne cibiyar bincike ta Faransa mai suna ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta tara samarin masana a Fort-Lamy domin su yi nazarin tabkin tun daga lakar ƙasansa har zuwa kifinsa. A gefen Nijeriya kuma, a Malam Fatori da ke tsallaken kogi daga Bosso, A. J. Hopson ya duƙufa kan nazarin giwan ruwa.

Kowane masani ya kama fanninsa. Jean-René Durand ya bi kifin da mutanen Chadi ke kira salanga, wanda ke hawa kogin Shari da Logon domin yin ƙwai. Christian Lévêque ya yi ta kwaso laka daga ƙasan tabki yana ƙidayar dodon koɗi da ƙumba. Jean-Pierre Carmouze da Michel-Alain Roche suka fuskanci wata tsohuwar tambaya: ta yaya tabkin da ba shi da mafita zuwa teku, wanda rana ke ƙafar da kusan mita 2 na ruwansa kowace shekara, bai zama ruwan gishiri ba? Amsar da bincike ya bayar kashi-kashi ce. Wani ɓangare na ruwan yana tsiyayewa ta ƙarƙashin yashi zuwa arewa da gabas, ya tafi da gishirinsa, kuma shi ne ke fitowa kanwa a kwarurrukan Kanem. Wani ɓangaren gishirin laka ke haɗiyewa, wani kuma ciyayi. Sinadarin alli kuwa dodon koɗi da ƙumba ne ke zuƙe shi su gina ɓawonsu, kamar yadda halittun murjani ke gina duwatsunsu a teku. Da waɗannan hanyoyi ne ruwan tabkin ya kasance abin sha ga mutum da dabba.

Daga cikin waɗannan masana, wanda ya fi daɗewa tare da tabkin shi ne Jacques Lemoalle. Aikinsa na farko, daga 1968 zuwa 1976, ya shafi ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, waɗanda su ne tushen abincin kifi. Yana tsakiyar wannan aiki ne farin 1972 da 1973 ya auko. Kogin Shari, wanda shi da Logon ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga tabkin, ya zo da ruwa kaɗan. Wani tudu da ke tsakiyar tabkin ya fito fili, ciyayi suka rufe shi, tabkin ya rabu biyu. Ɓangaren kudu ya ci gaba da samun ruwan Shari. Ɓangaren arewa, wanda Baroua da Bosso da Gigimi ke bakinsa, ya koma jiran abin da ya tsallako tudun da ɗan abin da Komadugu ke kawowa. Kifi ya mutu da yawa. Giwan ruwa da salanga suka ragu, tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa, masu jure ruwa marar iska, suka maye gurbinsu. A 1985 ɓangaren arewa ya bushe ƙurmus. Littafin da Carmouze da Durand da Lévêque suka fitar a 1983 ya zama shaidar yadda tabkin yake kafin fari da kuma yadda ya sauya.

Lemoalle yana cikin waɗanda suka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat wajen auna tabkin, tun a shekarun 1970. Wannan ne ya sa ya gane kuskuren da hotuna kan jawo: ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi ba ya bayyana, sai mai kallo ya ɗauka ƙasa ce. Bayan 2001, lokacin da wani bincike daga Amurka da hotunan hukumar NASA suka bazu a duniya, sai maganar cewa tabkin na gab da ɓacewa ta zama abin da kowa ke maimaitawa. A kan wannan magana aka farfaɗo da shirin Transaqua na janyo ruwa daga yankin kogin Kwango, wanda aka sake tattaunawa a taron Abuja na 2018. Lemoalle da masanin ƙasa Géraud Magrin, a rahoton da suka jagoranta a 2014, sun nuna cewa tabkin ya shiga yanayin Ƙaramin Chadi tun 1973, amma bai ci gaba da raguwa ba, kuma tun shekarun 1990 ruwa ya riƙa komowa arewa. Wani bincike na 2020 da aka yi da tauraron ɗan Adam ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Sun kuma jawo hankali ga cewa ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari ita ce ke ba da masara da wake da makiyaya, har ta ciyar da mutanen da suka fi na da yawa.

Akwai wata barazana da ba ta fitowa a hoton sama. Ruwan Komadugu ya samo asali ne daga kogunan Hadeja da Jama'are. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke sauka, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadeja da Nguru. Majemun zamani da masana'antun Kano a Challawa da Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna zubar da ruwan ƙazanta a rafukan da ke malala zuwa kogin Hadeja. A gaɓar Diffa kuma, noman tattasai na ban ruwa ya zo da takin zamani da maganin ƙwari. Tabkin da ba shi da mafita zuwa teku, abin da aka zuba masa daga sama a cikinsa yake zama, ko ya bi yashi zuwa rijiyoyi.

Tun 2015 aikin awo a bakin tabki ya yi wuya. A watan Fabrairu na wannan shekara Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai, aka kuma hana fataucin banda da tattasai na wasu shekaru. Mutanen Baroua sun yi zaman gudun hijira har zuwa Yunin 2021, lokacin da gwamnati ta fara mayar da su gida. A watan Agusta kuma aka kai wa sansanin sojan garin hari, sojoji 16 suka rasu. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da 2022 da 2024 ta nuna cewa yawan ruwa ma na iya zama bala'i kamar ƙarancinsa.

Duk wanda zai yanke shawara kan tabkin, ko a Yamai ko a Abuja ko a Njamena, yana dogara ne da alƙaluman da aka tara a jirgin ruwa shekaru hamsin da suka wuce, da kuma hotunan sama waɗanda ba sa gane ruwan da ke cikin ciyayi, ba sa kuma ɗanɗana shi. Nauyin sabunta wannan awo ya rataya a kan jami'o'in Diffa da Maiduguri da Njamena, tare da masuntan Baroua da suka san inda ruwa ya tsaya bara da inda ya tsaya a zamanin kakanninsu.