Malaman Ƙetare a Makarantun Karkara

Tun da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, bokon Arewa bai rabu da baƙin malamai ba. Sai dai Turawan mulki a manyan garuruwa suka fi zama. Waɗanda nake so a tuna da su na baya ne, da suka shigo ƙauyuka da akwatunansu, suka sha ruwan rijiyar da muke sha.

Samarin sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun fara isowa Najeriya a 1961, ga kuma takwarorinsu na VSO daga Ingila. Waɗannan ba sa daɗewa, shekara ɗaya ko biyu sun koma. Sai rikicin 1966 ya kori malamai 'yan Gabas da yawa daga Arewa, a 1967 kuma aka ƙirƙiro jihohi 12, kowace tana son makarantunta. Kuɗin mai suka shigo, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, aka dinga gina kwalejojin horon malamai da sakandaren kwana a inda ko kwalta ba ta kai ba. Gini ba ya wuya in akwai kuɗi. Wanda zai koyar da lissafi da kimiyya ne babu. Dole ma'aikatun ilimi suka koma ɗauko malaman kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Filifin, ga 'yan Ghana da matsin tattalin arziki ya koro.

A makarantar da na yi, malaminmu na kemistiri mutumin Kerala ne a kudancin Indiya, matarsa kuma tana koyar da ilimin halittu. Gidansu na ƙarshen kwatas, daga shi sai gonakin gero. Da magariba ake ta da janareta, ƙarfe goma a kashe, daga nan sai fitilar ƙwai, a gabanta suke duba littattafanmu. Firjinsu na kananzir ne, kullum sai ya durƙusa ya gyara lagwani, in ba haka ba ya turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Ruwa sai an tafasa an tace. Duk Lahadi su haɗiyi maganin zazzaɓi. Wasiƙar gida, 'yar shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama, takan yi makonni a hanya.

Mutanen bakin teku ne, sun saba da kifi da kwakwa da ruwan sama, shi ya sa hunturu ke wahalar da su ƙwarai, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Amma ranar kasuwa za ka ga matar cikin sari tana ratsa rumfuna, tana ciniki da Hausarta mai daɗin ji: "Haba Baba, a rage mini mana." Tsamiya take saye, da nonon Fulani. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne zogale. Mu ganyen muke kwaɗawa, ita kuwa dogayen 'ya'yan nan da muke bari su bushe a bishiya take aiken mu mu tsinko, ta yanka gaɓa-gaɓa ta zuba a miya. Mun sha tare maigidan ya fassara mana waƙoƙin finafinan Indiya, ya yi murmushi ya ce harshensu daban ne da na fim.

Na san kuɗi ne ya kawo su, domin a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya, abin da suke aikawa gida yana da auki. Wannan bai rage musu komai a idona ba. Mutumin da ya tsaya da kai a ɗakin gwaje-gwaje bayan la'asar, ba wanda ya sa shi, sai ka iya auna sinadari daidai, ya ci halalinsa. Likitoci da injiniyoyin Arewa da yawa da suka manyanta yau ta hannun irinsu suka bi.

Tafiyarsu ta zo da sauri. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adi su fice, malamai 'yan Ghana da dama suka bi ayari. Farashin mai ya faɗi, albashi ya fara makara. Da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta karye, albashin ya daina isa a aika gida. Suka sayar da firji da mota, wasu suka koma Indiya, wasu suka nufi ƙasashen Larabawa ko kudancin Afirka. A makarantu da yawa darussan kimiyya suka koma hannun 'yan bautar ƙasa, waɗanda ke yin shekara guda su wuce, wani zangon a turo, wani zangon a rasa.