Tsofaffin Wasannin Kwamfuta a Mubi

Wasannin kwamfuta sun samu gindin zama a Mubi ta shagunan gem, inda matasa suka riƙa biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation 2, wadda Sony ta fitar a 2000. Masu kwamfuta kuwa sun daɗe suna riƙe da Windows XP ta 2001, har Microsoft ta daina kula da ita a 2014. Da aka koma sababbin Windows, sai wasannin zamanin DOS suka ƙi tashi, domin Windows mai bit 64 ba ta karanta manhajar bit 16. Mafitar ita ce manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura, irin DOSBox ta 2002. Amma cikin manhajojin kwaikwayon, PPSSPP ta 2012 ta fi karɓuwa nesa ba kusa ba, tunda a wayar Android ma tana buɗe wasan ƙwallo na PES.