Allurar rigakafin kifin kiwo: darasin Norway ga masu kiwon tarwaɗa da karfasa

Yawancin kifin da ake sayarwa a kasuwar Mokolo da ke Yaoundé, kusa da unguwar Briqueterie, daskararre ne da ake shigowa da shi ta tashar jiragen ruwa ta Douala. Don rage wannan dogaro ne ma'aikatar kiwo da kamun kifi ta Kamaru, MINEPIA, ke ƙarfafa kiwon tarwaɗa da karfasa a tafkuna da tankuna. Sai dai duk inda aka cunkusa kifi wuri ɗaya, cutar bakteriya na saurin yaɗuwa. Ƙasar da ta fi nuna yadda ake shawo kan wannan matsala ita ce Norway, wadda ta fi kowace ƙasa kiwon kifin salmon.

Abin da ya faru a Norway

A shekarun 1980, cututtuka irin su furunculosis da vibriosis sun yi wa gonakin salmon na Norway ɓarna sosai. Masu kiwo suka riƙa zuba maganin antibayotik cikin abincin kifi, har a shekarar 1987 kaɗai aka yi amfani da kusan tan 50. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 aka samar da alluran rigakafi masu ƙarfi, kuma aka tsaurara dokokin tsabta. A yau Norway na samar da salmon fiye da tan miliyan 1 a shekara, amma antibayotik ɗin da ake ba kifin ba ya kai tan 1 a yawancin shekaru.

Yadda ake yin rigakafin

Mafi yawan magungunan rigakafin ana haɗa su ne da matattun ƙwayoyin cutar, domin jikin kifi ya gane su ya shirya kariya. Hanyoyi uku ne: allura a cikin ciki, tsoma ƙananan kifi cikin ruwan magani, ko haɗa maganin da abinci. Allura ta fi ƙarfi da daɗewa. Ana sa wa 'ya'yan salmon maganin sa barci, a yi wa kowanne allura ɗaya da ke kare shi daga cututtuka da dama, kafin a kai su kejin teku. Rigakafin kifi na farko da aka ba lasisi an amince da shi ne a Amurka a 1976.

Cututtukan kifinmu

Salmon kifin ruwan sanyi ne, ba a kiwonsa a Kamaru, Nijeriya ko Nijar, kuma allurarsa ba a yi ta don kifinmu ba. Tarwaɗa ta fi fama da Aeromonas hydrophila, mai haddasa gyambo a jiki da kumburin ciki. Karfasa kuwa Streptococcus ke kama ta, musamman lokacin zafi: idanu su fito, kifi ya riƙa juyawa a ruwa. Akwai allurar wannan cuta ta karfasa, ana kuma amfani da ita a Brazil da wasu ƙasashen Asiya. Cibiyoyi irin su LANAVET a Garwa da cibiyar Vom a jihar Filato sun daɗe suna yin alluran dabbobi, amma an fi sanin su da na shanu, awaki da kaji.

Me ya sa abin ya shafi kowa

Mai kiwon da ke zuba oxytetracycline duk lokacin da kifi ya fara mutuwa yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Idan kuma ya sayar kafin maganin ya fita daga jikin kifin, ragowarsa na ƙarewa a tukunyar mai saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani cikin manyan barazana ga lafiyar ɗan Adam.

Rigakafi ba ya warkar da kifin da ya riga ya kamu, lafiyayye ake yi wa. Inda allurar ba ta samuwa, kariyar da ke hannun mai kiwo ita ce sayen 'ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa amintacce, rage cunkoso, canza ruwa a kan lokaci, kwashe matattun kifi a binne su, da tuntuɓar likitan dabbobi kafin a ba da kowane magani.