Tarihin Tagar Shafin Intanet a Cikin Manhajojin Waya

Duk wanda ya taɓa danna wani adireshi a cikin manhajar Facebook, ya ga shafi ya buɗe ba tare da ya fita daga manhajar ba, to ya yi amfani da abin da masana ke kira tagar shafi. Ma'anarta ita ce, maginin manhaja ya yanki wani fili a cikin manhajarsa, ya ɗora injin karanta shafukan intanet a ciki, ta yadda shafin zai bayyana kamar wani sashe na manhajar. Tarihin wannan dabara gajere ne, amma cike yake da ja-in-ja.

A shekarar 2007, lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iPhone, shugabansa Steve Jobs ya nuna cewa masu son rubuta wa wayar wani abu sai su yi shi a matsayin shafi da zai buɗe a Safari. Magina ba su gamsu ba. Cikin 2008 kamfanin ya sassauto, ya ba su kayan aikin gina manhaja ta asali, ya buɗe kasuwar App Store, ya kuma haɗa musu da taga mai suna UIWebView. A wannan shekara ce wayoyin Android suka fito da tasu tagar, wadda aka gina a kan injin WebKit.

Nan da nan sai wasu suka hango sauƙi. Maimakon a rubuta manhaja sau biyu, ɗaya don iPhone ɗaya don Android, sai a rubuta shafi guda a lulluɓe shi da ɓawon manhaja. Kamfanin Nitobi na ƙasar Kanada ya fito da PhoneGap don wannan aiki. A 2011 Adobe ya saye shi, aka miƙa tushen aikin ga gidauniyar Apache, inda ya zama Cordova.

Sai dai araha ba ta ado. Manhajojin da aka yi ta wannan hanya sun kasance masu nauyin jiki. A 2012 Facebook ya sake gina manhajarsa ta iPhone da harshen wayar na asali, kuma Mark Zuckerberg ya amsa a bainar jama'a cewa dogaro da HTML5 fiye da kima shi ne babban kuskuren kamfanin. Daga nan aka shiga gyara. Google ya mayar da tagar Android kan injin Chromium a 2013, sa'an nan a 2014 ya raba ta da jikin wayar domin a riƙa sabunta ta daga Play Store. Ita ma Apple ta kawo WKWebView a 2014, kuma daga Afrilun 2020 ta daina karɓar sababbin manhajoji masu tsohuwar tagar.

Abin lura mafi girma shi ne batun amana. Mai manhaja shi ke da iko da tagar, saboda haka yana iya ganin abin da mutum ya rubuta a cikinta, har da kalmar sirri. Wannan ne ya sa a 2017 Google ya fara hana shiga asusunsa ta irin waɗannan tagogi. A 2022 kuwa, wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa Instagram da TikTok suna cusa umarninsu cikin shafukan da ake buɗewa a tagoginsu.

Saboda haka wanda zai shigar da lambar katin banki ko kalmar sirri, ya fi masa aminci ya buɗe shafin a Safari ko Chrome kai tsaye.